Shekara Arba'in Yana Faɗowa

A Sabon Garin Zariya na fara ganinsa,
jikin takardar da Tanimu ya naɗe mini tsiren kwabo goma.
Mai ya cinye rabin fuskarsa,
yaji ya zauna masa a ƙirji kamar lambar girma.
Mutum ne mai safar hannu ruwan ɗorawa,
ya rungume wani yaro,
suna faɗowa daga kan hasumiyar agogo.
Ƙasa kuwa babu ita,
daidai nan Tanimu ya yage.

Na cinye naman, na adana mutumin.

Yau bas nake tuƙawa a Sheffield.
Furfura ta ci gemuna,
gwiwata kan sanar da ni ruwa tun hadari bai haɗu ba,
shi kuwa yana nan yadda na bar shi,
bai kai ƙasa ba, bai saki yaron ba.

Ran Asabar in na tashi aiki
nakan gangara shagon tsoho Pickersgill,
matakala tara zuwa ƙarƙashin ƙasa,
inda takarda ke warin rumbun da aka daɗe ba a buɗe ba.
Shi ya koya mini duba ƙusar tsakiya ko ta yi tsatsa,
da juya shafi da cikin yatsa, ban da farce, ban da yawu.
Ya ara mini gilashinsa na ƙara girma:
sararin saman nan ashe ɗigo ne,
shuɗi da ja, kamar gero a faifai.
Ka matso, tsaba.
Ka ja baya, gari ya waye.

Na sami fitowa ta arba'in da biyar, da ta shida,
ta takwas ma na da ita har biyu.
Ta bakwai ce ta yi ɓatan dabo.
Barira ta ce, kuɗin kwanon rufin gidanmu na Tudun Wada
ga su can a kwali, sun sa wando a kan wando.
Ban musa ba.

Wata Talata ana yayyafi tsohon ya kira ni.
Wani ya rasu a Rotherham,
'ya'yansa sun kawo akwatunansa ko ƙura ba su kaɗe ba.
Ga ta nan, an kulle ta cikin roba mai tauri,
an manna mata maki a goshi kamar ɗalibar makaranta.
Ya ce, kada ka fasa,
ranar da iska ta taɓa ta, rabin kuɗinta ya tafi.
Na ajiye masa albashin mako biyu.

Kwana uku tana kan teburin cin abinci,
ina kewaya ta kamar kaza da garwashi.
Sai Nusaiba, mai shekara tara,
ta ɗago daga kwanon shinkafarta:
Baba, laifin me ta yi aka ɗaure ta?

Da wuƙar yankan albasa na fasa.

Shafi na goma sha ɗaya. Ga hasumiyar, ga safar hannun,
ga fuskarsa duka, ashe tsoro ne a cikinta.
Ban taɓa sanin bai iya tashi sama ba.
Na juya da cikin yatsa.

Wata bas ce mai hawa biyu
ta hau gefen titi, ta tsaya daidai ƙarƙashinsu.
Rufinta ya lotsa, yaron ya yi kuka, jama'a suka yi sowa,
aka ɗaga jarumi a kafaɗa.
Direban yana can lungun zanen,
bai fi ƙwayar wake ba,
ko fuska ba a yi masa ba.

Nusaiba ta dube shi, ta dube ni,
ta ci gaba da cin shinkafarta.

Na ɗauko tsohuwar takardar Tanimu
na sa ta tsakanin shafukan, mai da yaji da duka.
Pickersgill zai yi kwana biyu bai gaishe ni ba.

Gobe da asuba nake da aiki.
In na zo wucewa ta ƙarƙashin agogon tsakiyar gari
zan ɗan rage gudu.