Aron Asuba

A Mabera, bayan rumfar mai faci,
tun zakara bai gama gyaran murya ba,
kakata Lai'atu kan taɓa tafin ƙafata:
"Tashi, Yunana, addu'ar asuba."
Tocila mai raunin batir,
littafi da bangonsa ya rabu biyu,
gwiwoyinta na ƙara kamar tsohon ƙyaure
in za ta durƙusa.

Ƙetaren katanga lasifika ta yi tari,
ladan ya ɗauko nasa kiran.
Na ce, "Kaka, asubar nan tasu ce ko tamu?
'Yan ajinmu sun ce sato ta muka yi."
Ta ce, "Rufe ido. Bakinka ya fi ka tsawo."

Da hantsi na kai ƙara gun Malam Labbo majemi,
hannunsa ja wur da karan dafi,
zaurensa duk warin bagaruwa.
Bai ɗago daga fatar akuya ba.

"Asuba? *Subhu* ta, Larabci na,
wayewar gari ɗai aka nuhi.
Addu'a ko, kira na,
irin wanda kaka yi ma uwakka
in kunama ta halbe ka cikin duhu.
Mu ma aro munka yi, yaro.
Wa ka aron ƙwarya
ya hana maƙwabci awo da ita?"

Na ce, "To wa ke da ita?"
Ya ce, "Riƙe min nan," ya miƙo ƙafar fata.
Muka ja. Shi ke nan amsar da na samu,
da ɓarin goro, ya ce in kai wa tsohuwa.

Shekarar da kogin Rima ya cinye gonakin albasa
Kaka ba ta taɓa ƙafata ba.
Ni na taɓa tata. Sanyi.
Ladan na tsakiyar kira.

Ran uku Malam Labbo ya zo gaisuwa,
ya zauna bakin benci, carbi a hannu,
da zai tafi ya nemi littafin.
Bayan mako ya dawo da shi cikin jar fata,
ɗinki ƙanana, ko kwabo bai karɓa ba.

Yanzu ni ke tashin Damaris, 'yata.
Tana mita, tana jan zane.
Lasifika ta yi tari,
na buɗe bangon,
har yau bagaruwa nake fara ji
kafin in ce komai.