Takardar Agogo

A ƙasan akwatin Baffa na tsince ta,
tsakanin carbi da tsohon katin haraji,
'yar takarda da tsufa ya rina ta ja:
"Agogon hannu ɗaya, gyara, sule biyar.
A zo ranar Laraba."
Ba a faɗi wace Laraba ba.

Na sa ta a aljihu, na gangara Sabon Layi,
ina laluben ƙofofi da ƙafa
kamar makaho a tsakar gidansu.

Nan ne Manu Mai Agogo yake zama,
gilashi maƙale a idonsa na dama,
bango cike da agogo, kowanne da nasa ra'ayi.
In ka ce, "Malam Manu, ƙarfe nawa?"
sai ya leƙa waje, ya dubi inuwar dogonyaro,
ya ce, "Azahar ta kusa."

Jikinsa Lasisi Mai Hoto,
da labule mai zanen jirgin sama,
da kwat guda wadda rabin Gombe ta sa.
Ni ma na sa ta. Hannun ya haɗiye yatsuna,
aka ce kar in ƙifta, na ƙifta.

Sai kantin Nduka mai ƙofa biyu,
warin kananzir da sabulu da sabuwar taya.
Fulatancinsa ya fi nawa gishiri.
Da kakar auduga mutanen Kumo da Deba
sukan shigo da kuɗi ƙulle a bakin riga,
su fita da keke, ba su hawa, sai turawa,
don kar ƙasa ta taɓa sabon fenti da yawa.
Wanda bai sayar ba, akwai baƙin littafi:
"Je ka, in an auna ka dawo."

Can lungu Saratu 'yar Kaltungo,
allura a leɓe, ƙafa kan keken ɗinki.
Ba ta taɓa yanka wando daidai da yaro ba.
"Bar shi," in ji ta, "zai girma ya tarar da shi."

Yau na tsaya, ban gane ko dakali ɗaya ba.
Bene kan bene, gilashi kan gilashi,
janareto na gardama da janareto,
waya, caja, waya, murfin waya.
Dogonyaron ma an sare, an shimfiɗa kwalta a gurbinsa.

Wani tsoho mai wankin hula ya ce,
"Manu? Ai ya koma Dukku tun kafin a faɗaɗa titi,
can ƙasa ta rufe masa ido.
Agogunan kuwa, yara sun auna wa masu gwangwan."
Nduka fa? Ya ɗaga kafaɗa.
Saratu fa? Ya ci gaba da cuɗa hularsa.

Wata yarinya ƙarƙashin lema, na'urar kuɗi a hannu,
ta ce, "Baba, cira za ka yi ko turawa?"
Ban san abin da ya sa na miƙa mata takardar ba.
Ta duba, ta juya, tana neman lambar asusu,
ta ce, "Akwai ajami a bayanta, ni ban iya ba."

Hannun Baffa ne, da fensir, ya kusa gogewa:
"Wandon makarantar Bakoji, sule biyar. Na biya."

Ni ne Bakoji.

Shekara nawa ina ganin farin zobe a wuyan hannunsa,
inda rana ba ta taɓa ƙonawa ba,
har ya dushe ya saje da sauran fata,
ban taɓa tambaya ba.
Wandon kuwa na girma na tarar da shi,
na wuce shi, aka mayar da shi tsumman goge fitila.

Yarinyar ta ce, "Baba, akwai mutane a bayanka."
Na matsa gefe.
Na zaro waya don in ga ƙarfe nawa,
sai ta nuna mini har da ranar:
Laraba.