Tsakanin Ganye da Fiffike

Ni ban taɓa tuƙa jirgi ba.
Teburi gare ni, da taswira, da fensir mai cizon haƙori,
a wani ofis na Lima da tagarsa ke kallon toka-tokan teku.
Aikina in auna abin da matuƙi ba zai gani ba,
in miƙa masa lamba guda
ya rataya rai ɗari da ashirin a wuyanta.

Kwarin yana can sama cikin duwatsun Andes,
akushi ne, gajimare faifansa.
Mai shigowa ta gabas sai ya gangara a makance,
allura ce idonsa, takardata ce sandarsa.

Mita saba'in da biyar na iska zalla
nake barin tsakanin cikin jirgi da mafi tsawon abin da ke ƙasa.
Inda dutse ya cika fushi, in ninka.
Wannan fili ba na kowa ba ne.
Ba a shuka a cikinsa, ba a gini,
tsuntsu kaɗai ke ratsa shi ba izini.

Dutse dai ba ya ƙarya.
Yadda na bar shi bara, haka na tarar da shi bana.
Eriyar waya ma tana da takarda, da ranar haihuwa.
Amma itace!
Itace girma yake yi da dare, ba ya sanar da hukuma.

A watan Mayu na hau tudun da kaina,
numfashi na yanke mini kamar tsohon zare,
na kafa ma'auni a gonar dankalin Tiburcio Achahui.
Turare guda bakwai a jere, na tsakiya ya fi su wuya.
Mita huɗu ya ƙaru.
Na sake aunawa. Huɗu ɗin dai.

Tsohon ya miƙo mini dafaffen dankali a cikin hularsa.
Ya ce, Zoila, Domitila ce ta dasa su
shekarar da sanyi ya cinye mana gona.
Ita ta tafi, su suna nan suna tare mini iska.
Bai roƙe ni komai ba.
Ya dai ci gaba da ɓare bawo da farcen babban yatsa.

Takardar sara tana jakata, saura sa hannu.
Na sauko da ita yadda na hau da ita.

A teburi na yi lissafi.
Mita huɗu, ƙafa goma sha uku da 'yan kai,
kuma a sana'armu sama ake cikawa, ba a rage wa mutuwa canji.
Na ɗaga lambar da ƙafa ashirin.
Ƙafa ashirin! Tsawon igiyar shanya.

Sai ga Fabrairu, ga ni a kujera ta sha huɗu, gefen taga.
Muka nutse cikin farin da ba shi da gaba ba shi da baya,
ƙafafun jirgi suka fito, na ji su a ƙashin bayana.
Ina ƙirga tare da matuƙin da ban san sunansa ba.
Ya kai lambata. Ya duba. Babu fitila, babu kwalta.
Injuna suka yi ruri, hanci ya ɗaga,
muka bi layin tsira da na zana wata Talata ina shan shayi.

Na kusa da ni, ma'aikaciyar jinya ce riƙe da akwatin ƙanƙara,
ta dubi agogo, ta ce maganin ba zai kai gobe ba.
Ta tsine wa gajimare, ta tsine wa kamfani.
Ban ce mata ni ce ba.

Wataƙila da ƙafa ashirin ƙasa da mun ga titin.
Wataƙila da ba mu gani ba.
Can ƙarƙashinmu, inda ido bai kai ba,
turare bakwai na shan ruwan sama hankali kwance.

Mayu na zuwa.
Ma'aunin yana bayan ƙofa,
takardar tana jaka, ta fara lanƙwasa a kusurwa.