Rabin Yini a Jirgin Labbo

Likita ya ce in bar gishiri,
in bar lissafin fansho da tsakar dare,
in nemi bakin ruwa in zauna.
Abin da ya kai ni Goronyo ke nan ran Talata,
da malafa a kai da ƙwayoyi a aljihu.

Labbo ya karɓi kuɗina bai ƙirga ba.
Ya ce, "Daga hantsi zuwa azahar.
In kihi ya zo, naka na.
In bai zo ba, ka dai ga ruwa."

Jirginsa na da faci uku,
ɗaya na kwalta, biyu na gwangwanin madara.
Na zauna a tsakiya kamar buhun albasa,
ya dafa gwangwala, gaɓa ta ja da baya,
har matan da ke bandar kifi
suka koma hayaƙi kawai.

Ya soka mini tana a ƙugiya,
yana nuna ruwa da haɓa
kamar mai unguwa yana zayyana gidaje:
karfasa can gindin ciyawa, ita da 'ya'yanta,
tarwaɗa a laka, da gashin baki irin na tsohon ɗan doka.
Kurungu in ka ɗago shi sai ya yi ta gunaguni.
Tsage, ka kiyayi haƙoransa.
Minjirya kuwa, ya ce, ko da kyauta kar ka taɓa.

Awa guda babu ko motsi.
Na haɗiyi ƙwaya ɗaya da ruwan gora.

Sai ya ce, shi da ya yi shekara tara a bakin teku,
can wajen Badagiri, yana tuƙa masu kuɗi
awa huɗu huɗu, ba a nisa da gaɓa.
"Ruwan can bai zama wuri guda.
Sau biyu shi tahi, sau biyu shi dawo,
kamar mai bin bashi.
Kihin can ba su da suna da Hausa,
ni nir raɗa musu:
akwai Azurfa, mai tsalle ya hi tsawon mutum,
akwai Zarto, akwai Jan Alhaji."

Na ce, to me ya dawo da kai?
Ya ce, "Ruwa har ƙarshen ido, Malam,
amma ƙishirwa na cin ka bisa kainai.
Duk gishiri na."
Na yi dariya har jirgi ya karkata,
na ce ashe akwai inda likitana zai hana ni ko kallo.

A nan zaren ya miƙe.

Ban san na tashi tsaye ba.
Labbo na cewa zauna, saki, ja, saki,
wani abu a ƙasa yana tafiya da ni
yadda sa ke tafiya da yaron da aka ba igiya.
Na ga gefensa sau ɗaya,
fari fat, faɗin faifai biyu,
da ido kamar garwashi a cikin ruwa.
Giwan ruwa.
Ya juya, zaren ya ce tas,
ruwa ya rufe kamar ba a taɓa buɗe shi ba.

Labbo ya duba rana, ya ɗauki filafili.
Ya ce, "Can teku ma,
wanda yak kuɓuce shi ka maido da mutane."

Na koma Sakkwato da kurungu biyu a leda
da yanka siriri a tafin hannun dama.
Da dare Hajiya Ige ta juya baya,
na saci ɗan gishiri don romon.
Ya taɓa yankan, ya yi zafi,
na bar shi ya yi.