Haruffa Uku na Kakana

Daren jajibirin jana'iza, a Grimsby,
kowa ya kwanta, saura ni da na'ura
a teburin kicin, kusa da shayin da ya huce.
Mai ɗab'i ya ce kafin takwas na safe
in aika masa sunan da za a buga a katin coci.

Na buga: Thoger Kjaersgard.
Haka yake a takardar fansho,
haka yake a kwalbar maganin hawan jini,
haka akawun tashar jiragen ruwa ya rubuta
ranar da ya sauko daga jirgin kamun kifi
da jaka ɗaya, yana ɗan shekara sha tara.
Shekara sittin da biyu yana amsa wannan suna
kamar mai tafiya da takalmin aro,
bai taɓa cewa yana matse shi ba.

Amma ga agogonsa a tafin hannuna.
A bayan murfin, da tsinin wuƙa,
ya karce abin da uwarsa ta raɗa masa:
Thøger Kjærsgård.

Na bi allon bugu da yatsa, layi uku,
harafi ashirin da shida, kowa a ɗakinsa.
Babu o mai rataye da sanda a ƙirji,
babu a mai ɗauke da gammo a ka,
babu a da e masu kwana a bargo guda.

Sai na kira ƙanwarsa Åse a Esbjerg,
can dare ya riga namu tsufa da awa ɗaya.
Ta ce, "Ni da na'ura sai kallo, 'yar nan.
Amma ki sani, a bakinmu ø shi kaɗai tsibiri ne,
å kuma rafi.
Wanda ya cire su daga sunan yayana
ya kwashe masa ƙasa, ya kwashe masa ruwa."
Ta yi tari, ta tashi jikanta Vagn.

Muryarsa cike da barci:
"Danne Alt, kada ki saki,
ki buga lamba huɗu a lambobin gefen dama."
Na duba dama. Babu komai sai bakin tebur.
Tawa ƙaramar na'ura ce, ba ta da gefe.

Da silifas na fita cikin yayyafi,
na ƙwanƙwasa ƙofar tsoho Haxby.
Ya daɗe yana jan akwatuna ƙarƙashin bene,
ya fito da wani allo mai doguwar igiya,
ɓarɓashin biskit a tsakanin haƙoransa.
Na nuna masa agogon. Ya gyara tabarau.
Ya ce, "Shekara talatin ina ce masa Tom.
Me ya hana shi faɗa mini?"

Ban da amsa. Na koma, na jona igiya.

Sifili, biyu, huɗu, takwas. Na saki.
Tsibiri ya ɓullo a tsakiyar farin ruwa.
Sifili, biyu, uku, sifili:
ga su nan, su biyun, bargo guda.
Na kuskure na ƙarshen har sau uku,
wata alamar kuɗi ta zo, na kore ta,
sannan sifili, biyu, biyu, tara,
rafi ya gangaro ya sami wurinsa.

Na gwada karantawa da ƙarfi.
Harshena na nan ne, ya yi tuntuɓe a o mai sanda,
leɓɓana ba su san yadda ake zumɓura masa ba.
Na sake. Firij kaɗai ke ji.

Bakwai da rabi waya ta yi ƙara.
Mai ɗab'i ne, cikin ladabi:
"Kamar akwai 'yar ƙazanta a sunan,
wani layi ya ratsa o, wani ɗigo a kan a.
In goge miki?"

Na ce, "Bar su.
Da su ya zo."