Ta Bayan Goron Dutse

Mu shida muka haɗu a ƙofar masallaci bayan asuba,
ranar Lahadi, kasuwa ba ta farka ba.
Likita ne ya ce wa Tanimu ya riƙa taka ƙasa,
shi kuma ya jawo mu, wai ciwon ɗaya na kowa ne.

Akwai hanyar da jama'a ke bi.
Muka bar ta.
Hafizu ya ce ya san wata ta baya,
inda ruwan damina ya tsaga dutsen
kamar yadda wuƙa ke shiga kabewa.

Muka faɗa kwazazzabo.
Jan bango a dama, jan bango a hagu,
marmara mai kaifi, mai ramuka kamar saƙar zuma.
Sama ta tsuke, ta koma igiyar shanya.
Ƙarar motoci ta mutu a bayanmu,
sai numfashi, sai gangarar tsakuwa,
sai wani ƙadangare da ke gyaɗa kai yana ƙirga mu.

Gambo mai shayi da silifas ya zo,
ɗaya ya tsinke tun ba a je ko'ina ba.
Ya cusa su a aljihu, ya hau da ƙafar Allah,
ya fi kowa sauri.
Kamilu mai takalmin dubu talatin
shi ya fara zama daɓas.
Muka yi dariya, dutse ya maido mana da abarmu.

Ni ne na cika baki a ƙasa.
Na ce nan na yi wasa ina yaro,
na san kowane dutse da sunansa.
Ashe dutsen ya manta da ni,
shekara arba'in da tumbi sun shiga tsakani.

A wata matsatsiya, inda sai mutum ya karkace,
ƙafata ta nemi wuri ta rasa.
Yatsu a rami, ƙirji a jikin dutse,
gwiwa na rawa kamar mazari.
Na leƙa ƙasa. Da ma ban leƙa ba.

Sai hannu ya sauko.
Na gane shi kafin in ga fuskar:
tabon dutsen guga a bayan babban yatsa.
Nafi'u.
Shekara biyu ba ma gaisawa
a kan kuɗin shadda yadi goma,
ko a jana'iza kowa gabansa yake kallo.
Tanimu bai gaya mini zai zo ba.
Tun daga masallaci nake bin ɗaya gefen titi.

Bai ce uffan ba. Ni ma haka.
Girman kai ba ya riƙe mutum a jikin dutse.
Na kama.
Ya ja, har na ji kafaɗarsa ta yi ƙara,
muka zube tare a kan tsakuwa,
jar ƙasa a rigarsa, jar ƙasa a tawa.

A sama iska ta tarbe mu.
Ga Kano kwance, rufin kwano har iyakar gani,
Dala can gefe, kamar wa ya zuba wa ƙani ido,
hayaƙin masu ƙosai na miƙewa unguwa-unguwa,
shirwa na shawagi ƙasa da ƙafafunmu.
Na nemi gidanmu, na rasa.
Na nemi layin shagon da muka yi cacar baki,
bai kai ƙwayar gero ba.

Tanimu ya dafa ƙirji yana saurare,
can ya ce, "Tana nan."
Gambo ya fito da dabino bakwai.
Na bakwan ya zagaya hannu-hannu,
kowa na cewa ya ƙoshi,
har ya tsaya wurin Nafi'u.
Ya tsaga shi biyu, ya yar da ƙwallon,
ya miƙo mini rabi,
ya ce, "Kuɗina fa suna nan."
Na ce, "Na sani. Bari dai mu sauka."

Ya karkaɗe wandonsa, ya dubi kwazazzabon.
Ya ce, "Saukar ta fi wuya.
Biyo bayana, ka taka inda na taka."