Numfashin Inji

Rana ta take tsaka a Sakkwato,
sifana ma sai da tsumma ake ɗaukarta.
Modi ya ɗaga bonet, ya kasa kunne:
"Ba mai take nema ba,
numfashi ne ya yi mata kaɗan."

Turbo katantanwar ƙarfe ce,
hayaƙin da inji ya tofar
shi ke juya ta, ta ɗura masa iska.
Amma iskar bazara raguwa ce,
ga cika bututu, ba auki,
kamar furar da ruwa ya yi wa yawa.

Ya yanke gwiwoyin bututu biyu,
hanya ta miƙe.
Ya sauke filta can bayan bamba,
nesa da hucin inji.
Ya jona kwamfuta, ya ƙara mai kaɗan,
ya ja tartsatsin fulogi baya,
kada fistin ya fara ƙwanƙwasa.

Bai gwada ba sai bayan isha'i.
Titin Kalambaina, gilashi a sauke,
ta ja numfashi, ta yi fito,
kujera ta rungume bayana.

Modi ko murmushi.
"Dare abokin kowace mota ne.
Bari gobe da azahar,
can za ta faɗi gaskiya."